A yi wa manoma bayani kan baƙin taki kafin ya shigo kasuwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na shafe shekaru ina aikin malamin gona a fadamun Kware da Wurno. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ɗan ƙanena, manomin albasa, da ya zo mini da bidiyo a wayarsa. An nuna baƙin taki mai kashe ciyawa, yana ta murna wai ya huta da kuɗin cira.

Takin gaskiya ne, sunansa kalsiyam sayanamaid. Masana biyu a Jamus, Adolph Frank da Nikodem Caro, su suka gano yadda ake haɗa shi, wajen 1898. Ana gasa kabaid, irin wanda masu walda ke amfani da shi, a zafin da ya kai kusan digiri 1000, a hura masa iskar naitirojin. Baƙinsa na gawayin da ya rage a ciki ne. Naitirojinsa, wato sinadarin da ke ciyar da shuka, kusan kashi 20 cikin ɗari ne, yuriya kuwa tana da 46, don haka buhu ɗaya ba ya maye gurbin buhu ɗaya. Yana kuma ɗauke da farar ƙasa mai rage tsamin gona.

Ga inda hankalina ya tashi. Mu mun saba watsa yuriya bayan shuka ta fito. Wannan kuwa, da ya haɗu da danshi sai ya fara zama guba na ɗan lokaci, kafin ya rikiɗe ya koma yuriya, daga nan ya zama abincin shuka. A wannan tsakanin ne yake kashe tsiron ciyawa da dodon koɗi da wasu cututtukan ƙasa, kuma ba ya tambayar wane ne ciyawa, wane ne irin albasa. Ana cakuɗa shi da ƙasa mai laima tun kafin dashe, a jira kwana biyu zuwa uku a kan kowane kilo 100 da aka zuba a hekta. In ƙasa ta bushe, jiran ya fi haka. Wanda ya watsa shi a fangalin da aka yi dashe jiya, ya ƙone wahalarsa da hannunsa.

Yana kuma cin fata da ido. Mu da muke ɗibar taki da tafin hannu, yara na biye da mu, sai da safar hannu da takunkumi. Kada kuma wani ya ji an ce daga kabaid aka yi shi, ya daka na masu walda ya kai gona. Wannan wani abu ne dabam.

Roƙona, Malam Edita, ku gayyato malaman ƙasa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo cikin shirinku na noma. Su faɗa mana ko jigawarmu mai yashi da fadamun Rima na buƙatarsa, domin ba kowace gona ke da tsami ba. A yi haka kafin noman rani ya kankama.

Naku,
Tsohon malamin gona, Kware, Jihar Sakkwato.