Gem ɗin sanɗa da tsofaffin kwamfutocinmu: saƙo daga Damagaram

Malam Edita, assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya haƙuri da mu. Ni mai gyaran kwamfuta ne da salula a nan Zinder, ɗan shagona na wajejen kasuwar Dole, na jima ina karanta jaridarku amma ban taɓa rubuto ko layi ɗaya ba sai yau. Abin da ya tado ni kuwa, duk sanda maganar gem ta taso bakin manya ɗaya ne, wai ɓata yara yake, cin kuɗin forfe, hana karatu, hana salla kan lokaci. Ban ce ƙarya suke ba, ina gani da idona, yaro zai zo a sa mishi mega na dala ɗari kafin la'asar ya ƙone shi a Free Fire ya dawo yana zagin rezo, a fada kuma ana dafa shayi amma kowa kanshi a sunkuye, in ba PUBG ba to eFootball, hira ta mutu. Amma abin da ke ɗan ba ni haushi shi ne, daga masu sukar har masu bugawar gem huɗu ko biyar suka sani a duniya, sai su yanke hukunci a kan duka. Kamar mutumin da bai taɓa wuce Mirya ba ya ce ya gama ganin Nijar.

Akwai wani iri daban da ba a cika sani ba a nan, shi nake so in tallata, ba don wani ya biya ni ba. Irin wanda da idon ɗan wasan kake kallon duniya, ba ka ganin ƙeyarshi kamar a GTA, hannunka kawai kake gani da abin da ka riƙe, sannan ba a ce maka bi nan ka harbi wancan, gida ne ko gari za a jefa ka a ciki a ce ga abin da ake nema, ka san yadda za ka yi. Ni da yaran shagona gem ɗin sanɗa muke ce musu, don galibi laɓewa da kasa kunne sun fi harbi amfani. Mafi yawansu tsofaffi ne, ba su son intanet ko kaɗan bayan an saka su, kuma kwamfutocin hannu na biyu ɗin nan da ake shigo mana da su ta Kano, waɗanda sabon gem ko buɗewa ba ya yi a kansu, su kam lafiya lau suke ɗaukarsu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na farko dai, kuma na san za a yi min dariya ko a ce astagfirullah, sunanshi Thief, ma'ana ɓarawo. Wani kamfani a Amurka mai suna Looking Glass ya fitar da shi a 1998, na biyunshi ya fito a 2000, a shekarar nan kuma kamfanin ya rufe, kaga ba kullum mai kyau ke cin kasuwa ba. Kai ne Garrett, ɓarawon da ke shiga gidajen attajirai da dare a wani tsohon birni na ƙage, aikin farko ma sandar wani basarake za ka ɗauko. Abin da ya sa ya bambanta, Garrett ba jarumi ba ne, in dogari biyu suka rutsa ka da takobi ka gama yawo. Makaminka duhu ne da shiru. A ƙasan allo akwai ɗan dutse mai haske, in ya yi fari to ana ganinka, in ya dushe ka ɓace ko da mai gadi zai wuce ta gabanka. Ƙasa ma magana take, in ka taka kafet shiru, in ka taka ƙarfe ko dutsen daɓe za a ji ƙwas ƙwas daga nesa a zo dubawa. Akwai kibiyar ruwa da kake harba wa fitilar bango ta mutu, akwai ta igiya da kake kafawa a katakon rufi ka hau, akwai ta gansakuka da ke kashe ƙarar taku, da ɗan kulki na sumar da mai gadi ta baya, sai ka saɓa shi a kafaɗa ka kai shi lungu don kar abokinshi ya yi tuntuɓe da shi. In ka zaɓi mataki mafi wuya gem ɗin da kanshi ke hana ka kashe mutum, ka kashe ko ɗaya aikin ya ɓaci. Ka gaya min gem nawa yaranmu ke bugawa da ke hukunta ka in ka zub da jini.

Ɗan yayata da ke taya ni zaman shago lokacin hutun lakwal, ranar farko da na ba shi ya zare takobi ya ruga da gudu irin na Free Fire, ko minti biyu bai yi ba aka kwantar da shi, sau shida yana maimaitawa, ya ce kawu wannan gem ɗin mugu ne. Na ce sa abin kunne ka zauna a bayan ƙofar nan ka saurara kawai. Wallahi na ga yaron nan da ba ya iya zama wuri ɗaya ya yi minti biyar cur bai motsa ba yana ƙirga takun mai gadi, yaushe yake juyawa, yaushe yake tsayawa yin fito. Daren nan aka ɗauke mana wuta, batiri ya riƙe, sai ma abin ya fi daɗi don gem ne mai duhu, da rana in hasken Damagaram ya faɗo kan allo ba abin da za ka gani sai fuskarka. Da na ga ya fara jin kanshi sai na tuna mishi rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, bai rufe baki ba kuwa ya taka ƙarfe. Mahaifiyarshi da ta ji sunan gem ɗin ta ce min wato sata nake koya wa ɗanta, sai da na yi ta bayani, har yau ban tabbata ta yarda ba. Gargaɗi ɗaya, a Thief na farkon akwai wuraren da ke da gawarwaki masu tafiya da kaburbura, mai tsoro ya fara da na biyu, shi ya fi yawan gidaje da rumbunan ƴan kasuwa, har da banki da kuma wani dogon aiki da ake bi ta kan rufin gidaje. A kwamfutar yanzu kuma sai an ɗora musu gyaran da masoyansu suka yi, TFix da T2Fix, in ba haka ba za su yi ta gardama.

Wanda ba shi da ko dala ya nemi The Dark Mod, kyauta ne halak malak ba na sata ba. Masoyan Thief ne suka haɗu suka gina shi, tun 2013 yake tsaye da ƙafarshi ba ya bukatar wani gem, kuma akwai ayyuka sama da ɗari da mutane suka ƙirƙira ake saukewa ɗaya bayan ɗaya. Yana da ɗan nauyi wajen saukewa kuma ya fi son kwamfuta mai ɗan ƙarfi, dabara ita ce mutum ɗaya ya sauke inda ya samu wifi sauran su kwafa a kile.

Sai Deus Ex na shekarar 2000, wanda wani mai ƙera gem, Warren Spector, ya jagoranta. Labarin a 2052 yake, annoba ta barke, maganinta kaɗan ne kuma manya ke samu talaka na mutuwa a titi, in ka buga shi bayan korona sai jikinka ya yi sanyi. Kai ne JC Denton, jami'in tsaro, tun aikin farko a tsibirin da gunkin nan na Niyok yake za ka gane irin gem ɗin, ana so ka hau sama ka kamo shugaban ƴan tawaye, to ko ka bi ta ƙofar gaba da bindiga, ko ka zagaya baya ka hau ta kan akwatuna, ko ka lalata kyamarori ta kwamfuta, ko ka yi ta sumar da mutane da kibiyar barci. Duk wanda ka zaɓa kuma in ka koma ofis za a yi maka magana a kai, wasu su yaba wasu su tsargu da kai. Har in ka shiga bayin mata a hedikwata sai ogan ya ja maka kunne, da na ga wannan na yi dariya ni kaɗai kamar sabon kamu. Daga baya labarin ya kai ka Hong Kong da Faris. Hotonshi dai ya tsufa, fuskokin mutane kamar an sassaƙa su da gatari, yaran sun raina shi da farko. Kuma akwai karatu da yawa da Ingilishi, wanda mu nan ba shi ne harshen lakwal ba, amma na ga ya zama riba, ɗaya daga cikin yaran har ƙamus ya sa a waya saboda yana son gane lambar sirrin ƙofa da aka ɓoye cikin wata wasiƙa.

Masu Faransanci kuwa ga naku, Arx Fatalis na 2002, gem na farko da kamfanin Arkane na birnin Liyon a Faransa ya yi, ana iya sa shi da Faransanci. A labarin rana ce ta mutu, mutane da sauran halittu suka koma zama ƙarƙashin ƙasa hawa hawa. Abin da ya kama ni a ciki ƙananan abubuwa ne, za ka haɗa gari da ruwa ka yi ƙulli ka ajiye kusa da wuta ya zama burodi, ka kama kifi ka gasa, ka kai takobi maƙera. Amma in faɗi gaskiya akwai tsafi da bokanci na tatsuniya a ciki, da linzamin kwamfuta ma ake zana alamomin a iska, wanda zuciyarshi ba ta kwanta da haka ba ya bar shi, ba dole. A saka shi tare da Arx Libertatis, gyaran da masoyanshi suka yi, shi ke sa ya yi aiki sumul. Su dai Arkane ɗin nan su suka yi Dishonored a 2012 da Prey a 2017, a Prey ɗin dodanni ke rikiɗa su zama kofi ko kujera har ka koma zargin kowane kofin da ka gani, amma waɗannan sai injin da ya ci ya ƙoshi.

Haka ma Kingdom Come: Deliverance na 2018, na ƴan ƙasar Cek, sau ɗaya na samu na ɗana shi a kwamfutar wani da ya kawo gyara kuma ya ba ni izini. A 1403 ne a ƙasar Bohemiya, ba dodo ba tsafi, kai ɗan maƙeri ne da aka ƙone garinku aka kashe iyayenka, ba ka iya faɗa ba, ko karatu ba ka iya ba, in ka buɗe littafi haruffa a hargitse suke sai ka je wajen magatakarda ya koya maka. In kayanka sun yi datti ko jini mutane su canza maka fuska. Ya tuna min da labaran zamanin Sarki Tanimun na Damagaram da tsofaffi ke bayarwa, ganuwa da dawakai da maƙera, har na ce ina ma wani ɗan jami'armu ta nan zai zauna ya gina Birni, tsohuwar unguwarmu, a gem irin haka, da lungunanshi da zaurukanshi da duwatsun nan, ai wurin sanɗa ya samu. Sai dai wannan ba na yara ba ne sam, akwai giya da abubuwan da ba su dace ba.

Maganar Afirka kuma, Far Cry 2 na 2008 a wata ƙasar Afirka ta ƙage aka yi shi, zazzaɓin cizon sauro na kama ɗan wasan sai ya sha ƙwaya, bindiga na cijewa, wuta na cin busasshiyar ciyawa kamar gobarar daji a rani. Sun iya daji, amma mutanenmu ba su da wani aiki a ciki sai yaƙi da gudun hijira, shi ya sa ban sa shi gaba ba.

Abin da iyaye ya kamata su sani, duk waɗannan ana tsayar da su. An kira salla ko an aike ka, ka danna maɓalli ɗaya ka tashi, mai gadin na nan inda ka bar shi, ba kamar na intanet ba da yaro zai ce bari a gama wannan zagayen don abokai na jiranshi. Ba mai sayar maka da lu'ulu'u ko kayan sawa a ciki, ba baƙon da zai yi wa ɗanka magana ta kunne. Amma su ma suna cin lokaci, ni kaina na taɓa kaiwa ƙarfe biyun dare a Thief na makara buɗe shago, don haka ido dai ba a ɗauke shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne saye. Tsofaffin suna nan a GOG da Steam, shagunan sayar da gem na intanet, da araha, musamman lokacin rangwame, kuma na GOG in ka sauke fayil ɗin shi ke nan ba ya sake tambayar rezo, amma sai da katin banki, wanda yawancinmu ba mu da shi, ni ma wani aminina da ke aiki a Yamai ke saya min in tura mishi kuɗin. Masu gidajen gem na Zango da Sabon Gari, don Allah ku ajiye ko kwamfuta ɗaya a gefe da abin kunne ku gwada, ba sai kowa ya yi ƙwallo ba. Kai kuma Malam Edita, in da hali a riƙa ba mu ɗan fili ko sau ɗaya a wata, akwai System Shock 2 da Morrowind da ban taɓo ba, takarda ta cika kuma ga mai waya tsaye a kaina tun ɗazu.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta, Zinder