A riƙa taɓa jijiyar hannun dattawanmu

Assalamu alaikum Edita. Ina neman fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan wani ciwo da ke ta ƙaruwa a duniya, amma a nan da wuya ka ji an ambace shi ko a shirin lafiya na rediyo. Ina nufin rikicewar bugun zuciya, wanda likitoci ke kira AF a taƙaice. Ni ma'aikaciyar jinya ce mai ritaya, kuma yawancin aikina a ɗakin kwantar da manya na yi shi.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta. A wannan ciwo, biyun sama sukan daina matsawa yadda ya kamata, sai karkarwa kawai. Jini ya kwanta a wani lungu ya yi guda, ranar da gudan ya ɓalle ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa sai mutum ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara tun 1948, ya nuna cewa mai wannan ciwo ya fi waninsa haɗarin shanyewar ɓarin jiki har ninki biyar.

Ƙididdigar cututtuka ta duniya ta ce a 2019 masu ciwon sun kusa miliyan 60, wato ninki biyu na yawansu a 1990. A ƙasar Denmak, inda ake rubuta bayanin kowane majiyyaci, an gano cewa a farkon shekarun 2000 mutum ɗaya cikin huɗu ne ake sa ran zai kamu da shi a rayuwarsa, amma daga 2011 zuwa 2022 abin ya kusa ɗaya cikin uku. Babban dalili shi ne jama'a sun yi yawa kuma suna daɗewa a duniya, shi kuwa ciwon abokin tsufa ne. Sai hawan jini, ƙiba da ciwon suga. Sannan a ƙasashen Turawa suna aunawa, shi ya sa suke ganinsa.

Kada wani ya ce ai ciwon Turawa ne. Hawan jini ya cika gidajenmu, kuma masu shan magani su daina da zarar ciwon kai ya lafa ba su ƙirguwa. Muna kuma da wata hanyar kamuwa da ciwon da a can ta kusa ɓacewa: yaro ya yi ciwon maƙogwaro ba a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, shekaru su ja, ƙofar zuciyarsa ta lalace. Shi ya sa na sha ganin matan da ba su kai arba'in ba, wasu da goyo, sun zo da haki da kumburin ƙafa, zuciya na bugawa barkatai. Wannan yana ci mini rai, domin maganin da zai tare shi tun suna yara ba shi da tsada.

Abin da ya fi damuna shi ne na'urar awon jini ta batir ta sa an bar taɓa mutum. A asibiti da kemis, a ɗaura abin a damtse, lamba ta fito, a rubuta, a kira na gaba. Alhali da za a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, a yi shiru na minti ɗaya, da an ji. Lafiyayyen bugu daidai yake tafiya. Wannan kuwa kamar kiɗan ɗan koyo ne: uku da sauri, a tsaya, ɗaya mai ƙarfi, biyu da ƙyar ake jinsu. Wasu sukan ce gabansu na yawan faɗuwa ko suna jin jiri, a gida a ce tunani ne ko iska. Da yawa kuma ba sa jin komai.

Wanda aka ji haka a hannunsa gwajin ECG, wato na'urar da ke zana bugun zuciya, shi ne zai tabbatar, likita kuma shi zai yanke ko ana buƙatar maganin tsinka jini. Asfirin bai wadatar ba. Ga masu lalacewar ƙofar zuciya, wani babban bincike da aka fitar a 2022, wanda ya haɗa da majiyyata daga Afirka, ya nuna tsohon maganin tsinka jini irin warfarin ya fi musu sabon da ake kira rivaroxaban. Sai dai warfarin yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, wanda mutumin ƙauye sai ya yi doguwar tafiya kafin ya samu.

Roƙona ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu shi ne a sa duba bugun hannu cikin kowane awon hawan jini, musamman ga wanda ya haura shekara 60, a kai na'urar ECG da gwajin jinin nan manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Kai kuma Edita, don Allah ka gayyato likitan zuciya ya yi wa masu karatu bayani a shafin lafiya.

Daga tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Zariya.