Rahoton ayyukan shekara: zaman karatunmu a kan fihirisar bitmaf

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. Ga rahoton bana, kuma gaskiya kusan duk zaman karatunmu a kan abu ɗaya ya ƙare, wato fihirisar bitmaf (wata hanyar saurin nemo layuka) a rumbun bayanai da yadda take ɗaure da lakabin da take wakilta.

Daga tushe muka faro. A ce kolam yana da lakabi uku, "sabo", "ana aiki", "an gama", to kowanne da nasa jerin 0 da 1, bit ɗaya ga kowane layin tebur. In layi na 5 "an gama" ne, bit na 5 a jerinsa zai zama 1, a sauran biyun 0. Tunda bit takwas ne bayit ɗaya, layi miliyan ɗaya bayit 125,000 ne kacal a jeri guda tun ma ba a matse shi ba, shi ya sa tambaya mai AND ko OR take gudu haka, jeri biyu kawai kwamfuta ke haɗawa. Mun ɗan leƙa takardar Patrick O'Neil ta 1987 a kan manhajar rumbun bayanai ta Model 204, ba mu daɗe a nan ba.

Inda muka zauna sosai, kuma ni a ganina nan ribar bana take, shi ne jerin kansa bai san sunan kowa ba, 0 da 1 ne zalla. Sunan yana can a ƙamus ɗin da ke cewa jeri na biyu na "ana aiki" ne, to in wani ya cusa sabon lakabi a tsakiya lambobi suka gusa kuma ba a sake gina jerin ba, amsa za ta fito tsaf, allo ba zai nuna matsalar komai ba, amma fa ta wani lakabin ce daban. Da gangan muka gwada wannan a ƙaramin tebur, muka nemi "ana aiki" sai ga layukan "an gama" sun jeru. Don Allah duk mai rubuta irin wannan da hannunsa ya ajiye ƙamus da jerin wuri ɗaya, su canza tare.

Mun taɓa batun NULL ma, wato gurbin da ba a sa masa komai ba. A cikin manhajojin rumbun bayanai, Oracle yana sa shi a fihirisar bitmaf kamar kowane lakabi. PostgreSQL kuwa ba ya ajiye irin wannan fihirisa a faifai, lokacin tambaya yake gina bitmaf a memori.

Abin da ya rage mana shi ne matsewa irin ta Roaring (wata dabarar rage girman bitmaf), da kolam mai dubban lakabai, da teburin da ake yawan yi wa gyara. Su za mu ɗauka baɗi in sha Allah, mai son jagorantar zama ya sanar da sakatare.