Zuwa ga kofur mai igiya biyu

Babana, ya aiki ya iyali?

Kar ka je ka tsare matarka da tambaya, ba ita ta kawo ƙararka ba, angona ne da kansa ya kira ni a wayarta yana shessheƙa wai Abba ya sa shi tsallen kwaɗo don ya zubar da shayi. Yaro ɗan shekara huɗu fa! Igiya biyu kacal ka fara haka, ranar da ka zama samanja sai dai mu ji ka gina gadurum a bayan kicin.

Ba abin da za ka yi da babanku bai riga ka ba. Muna barikin Ojo usur yake hura muku da asuba ku jeru a baranda yana duba farce da haƙora, har ni sai da ya taɓa ce wa abinci ya yi lattin minti biyar, na miƙa masa ludayi na ce bismillah ranka ya daɗe. Me aka samu? Yana fita fareti kun ɓace sai kasuwar Mami, in magariba ta yi magajiyar matan bariki ta koro min ku da tsintsiya. Yanzu da ya yi ritaya jikoki ke hawa wuyansa suna jan gemu, ko tari ba ya yi.

Ba na ce ka sake musu ba. Yaran bariki sun san lokaci, sun iya gyara gado da gaisuwa, ga Yarbanci ga Buroka ga ɗan Tibi duk a baki ɗaya, wannan ka riƙe. Amma ka san aikin naku, yau kana Ikeja gobe sigina ta fito an tura ka Maiduguri wata da watanni, uwar ce za ta zauna da su da kuɗin makaranta da zazzaɓin dare, to ɗan zaman da kake yi a gida kar ya zama in an ji ƙarar but ɗinka kowa ya shige ƙarƙashin gado. Muryar nan da kuka koyo a dafo a Zariya ka bar ta a get.

Asabar in kun gama share-share ku zo min Agege, ka biyo da tumatir. Kuma ka biya kwandasta kuɗinsa, na ji labarin in kun shiga danfo sai ku ce sitaf.

Mamanka