A Dubi Halin Da Masu Rainon Yaranmu Suke Ciki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan matan da suke kula da yara masu larurar ƙwaƙwalwa a gidajen raino na musamman. Ɗana yana ɗaya daga cikin gidajen nan a Zariya, yana kwana can daga Litinin zuwa Juma'a. Ya kai shekara 12, amma ba ya iya cin abinci da kansa, ba ya iya faɗin inda yake masa ciwo, ga kuma farfaɗiya.

Tun kafin kiran assalatu matan nan suke tashi. Su wanke wanda ya ɓata jikinsa, su sauya shimfiɗa, su zauna da cokali suna ba yaro koko a hankali don kada ya sarƙe. Da dare mace ɗaya ake bar wa ɗaki guda. In farfaɗiya ta kama wani, ita za ta juya shi ta gefe ta tsare kansa, alhali wani na can yana buga goshi a bango, ga ba wuta sai fitilar waya. In safar hannu ta ƙare, da hannunta take aikin. Akwai wadda na sani, ɗaga manyan yara ya lalata mata baya, yanzu a zaune take sallah. Da kuɗinta take sayen magani, ranar da ta kasa fitowa kuma a yanke mata a albashi.

Shi albashin ma abin a yi kuka ne. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Jihar Kaduna ta sa nata 72,000. To amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma gidan da ɗana yake bai kai ba. Abin da ake ba su bai kai rabin wannan ba, mai zuwa daga Samaru ko Ɗan Magaji kuwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota yake cinye mata shi. Babu takardar ɗaukar aiki, babu hutun shekara.

Ba na ɗora wa masu gidan laifin duka. Mu iyaye yawancinmu talakawa ne, kuɗin wata ma sai an yi ta bin wasunmu. Masu taimako kuma sukan zo da azumi da buhun shinkafa da sabulu, Allah ya saka musu, amma ban taɓa jin wanda ya tambayi nawa ake biyan mai raino ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tafiyarsu. Irin yaran nan ba sa sabo da wuri. Sai da aka yi watanni kafin ɗana ya yarda wata baiwar Allah ta sa masa abinci a baki. Ita ta gane cewa in yana jan kunnensa ƙishirwa yake ji, in ya ƙura wa wuri ɗaya ido ciwon ne yake tafe. Da damina ta ajiye aikin ta koma tuyar awara a ƙofar gida, don ta fi samu a can. Wallahi ban ga laifinta ba. Amma yaron ya ƙi abinci, ya rame, zuwa bayi da ya fara koya ya ɓace, sabuwar da aka ɗauka kuma ba wanda ya koya mata komai.

Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ba za ta yi wa ɗana amfani ba in mai kula da shi tana kwana da yunwa. Ina roƙon gwamnatin jiha ta yi wa gidajen nan rajista, ta ƙayyade yara nawa mace ɗaya za ta riƙe, ta kuma cika musu albashi. Ga Asibitin Koyarwa na Shika a kusa, da ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi da za su iya koya musu ɗaga yaro da taimakon mai farfaɗiya. Masu hali na Zazzau kuma, don Allah kowa ya ɗauki albashin mai raino ɗaya ya riƙa biya duk wata.

Wassalam.

Daga wata uwa,
Tudun Jukun, Zariya