Filin da ke bakin kwari

Gombe

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya zaman Kumasi, ya kasuwa? Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Na je na duba filin da ka ce in gano maka kafin ka aiko da kuɗi. Don Allah kada ka saya. Takardunsa lafiya lau, arahar ma gaskiya ce, amma tsakaninsa da bakin kwari bai wuce jifa ba. Dillalin ya rantse min cewa kwarin ya daina ci. To, da rani wane kwari ne yake ci? Da na leƙa ƙasa, bulon katangar wani gida na hango a zube, ga ramin masai ya fito fili a jikin gaɓa. Bawan Allahn da gidansa ya rage a layin ya jera buhunan yashi da tsofaffin tayoyi. Ya ce min in hadari ya haɗo da dare, sai ya kwashe yara ya mai da su zaure, shi kuma ya kwana a zaune. Na dawo gida jikina a sanyaye.

Ka daɗe rabonka da garin nan. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 gine-gine suke ta hawa tudu. Gonakin wajen Tumfure da ka sani, waɗanda suke shanye ruwan sama, yanzu kwanon rufi ne da kwalta da siminti. Ruwan ba shi da wurin nutsewa, sai ya taru ya gangaro cikin gari da ƙarfinsa, ƙasarmu kuwa rairayi ce, ba ta da riƙo. Ta ƙasa yake fara rarake gaɓa, saman yana nan kamar ba komai, rana ɗaya ya rufta. Kowace damina kan kwarin yana ƙara matsowa. Ga masu tifa suna kwasar yashi a ciki, ga shara da leda sun toshe lambatu.

An yi aiki, ba zan ɓoye ba. A ƙarƙashin NEWMAP, shirin yaƙi da zaizayar ƙasa mai tallafin Bankin Duniya, an ɗaure kwarin da ya bi ta jami'ar jiha da Malam Inna har Kagarawal, kuma mutanen wurin sun samu barci. Shirin ACReSAL, wanda ya biyo bayansa, ya ɗauki na wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE), mai tsawon kilomita 21. Tun 2019 kuma ake dashen itatuwa. Amma kwarin bayan filinka ƙaramin reshe ne, irin wanda ba a waiwaya sai ya ci gidaje.

Abin da yake ci min rai shi ne waɗanda ake sayar wa irin wannan wuri: malamin firamare, ɗan acaɓa, bazawara mai marayu, mutumin da ya shekara da shekaru yana tari. Mai hali ba ya ko tsayawa ya taya.

Ka riƙe kuɗinka tukuna. Zan nema maka wani a kan tudu, nesa da hanyar ruwa, ko da ya fi wannan ƙanƙanta da tsada. Kuma ba za mu biya ba sai cikin watan Agusta, in je in tsaya a kansa bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, in ga inda ruwan ya bi, in tambayi tsofaffin unguwa.

Ka gaishe min da uwargida da yara, da Alhaji mai gidanku. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka