Ɗan giwar ɗiyarka ya tashi

Damagaram, daren Juma'a

Bafillacena,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya Abijan da hayaniyarta? Mu nan lafiya lau. An gama kaka, sanyi ya fara leƙowa da asuba, gero ya ɗan sauko a kasuwar Dole amma wake ya ƙi. Na san kana can kana faɗa wa mutane Babarbare ya manta da bawansa. Ban manta ba. Saƙonka na maganar filin hanyar Mirya ya iso, zan zo kansa a wata wasiƙar. Bari dai in fara sauke abin da ke cikina, don ina neman wanda zai saurare ni daga farko har ƙarshe, kuma ka san a fadarmu ba a barin mutum ya kai aya.

Ɗan giwar ɗiyarka ya tashi, alhamdu lillahi.

Ka san ɗiyar tawa, wadda kai ma taka ce, da ta gama karatun likitan dabbobi a Dakar ta samu sitaj, wato koyon aiki, a wani gidan zu, inda ake ajiye namun daji, a Turai. To ɓangaren giwaye aka kai ta. Kuma ba irin giwayenmu na dajin W ba ne, na Asiya ne, irin na Indiya da Tailan: kunnuwa ƙanana, baya a gantsare sama, goshi da tudu biyu, matan ba su da dogon haure. A cikin garken akwai wani ɗan namiji da bai cika shekara uku ba, shi ne ya shiga ranta. Duk mako sai an ɗebi jininsa an kai labo, ko da yana ta tsalle lafiyarsa lau. Kwanakin baya sai sakamako ya fito da abin da kowa ke tsoro a wannan aiki, wata ƙwayar cuta da suke kira EEHV. Ta kira ni cikin dare muryarta na rawa, ta ce Baba ka sa mu cikin addu'a. Uwarta ta zabura ta ɗauka wani ne ya rasu.

Ni da na yi rayuwata a ma'aikatar kiwo na ga ciwon huhun shanu, na ga bushiya, na ga saifa tana kayar da sa a tsaye, amma wannan cuta ta ba ni tsoro. Manyan giwaye suna ɗauke da ita a jikinsu ba ta yi musu komai, lokaci lokaci tana fita ta ruwan hancinsu. Ƙananan take kashewa, galibi daga shekara 1 zuwa 8, musamman a daidai lokacin da kariyar da suka samu daga uwa ta fara janyewa. Tana cin bangon jijiyoyin jini, sai jini ya yi ta tsiyaya a cikin jiki, har a zuciya. Kai zai kumbura, harshe ya koma shuɗi-shuɗi, ɗan giwa ya daina wasa. In ka jira sai ka ga waɗannan alamu da idonka, sau da yawa ka makara, kwana ɗaya ko biyu ya tafi. Shi ya sa ake bin jinin duk mako, don ƙwayar tana bayyana a jini kwanaki kafin ciwo ya nuna a jiki.

Sai a 1995 aka gano ta, lokacin da wata ƴar giwa mai wata 16, sunanta Kumari, ta mutu a gidan zu na Washinton. Tun daga nan ta yi ɓarna ba kaɗan ba. Gidan zu na Cesta a Ingila ya rasa ƴaƴa bakwai. Na Zurik a Suwizalan ya rasa uku cikin ƴan makonni a 2022, alhali wurin giwayensu sabo ne, a 2014 aka buɗe shi, an zuba masa dukiya. Ka ga ke nan ba maganar talauci ko sakaci ba ce.

Na su ɗiyarka dai Allah ya sa an kama ciwon da wuri. Suka ɗora shi kan maganin kashe ƙwayar, suna ba shi ruwa ta dubura ba dare ba rana, sannan suka ɗebi jinin manyan giwayen suka tace ruwansa suka ƙara masa ta jijiyar kunne. Ita aikinta ƙirga ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, don su ne suke faɗuwa in ciwon ya yi ƙarfi. Ta ce tana zaune gaban na'ura tana kallon lambar tana sauka, tana sauka, har ranar da ta tsaya, washegari ta fara hawa. Shekaranjiya ta aiko mini da hoton bakinsa a buɗe, harshe ja sumul, babu ɗigo ko ɗaya. Wallahi ban san sa'ad da na yi kabbara ba, har maƙwabci ya leƙo ta katanga.

Kai da ka ce yarinyar nan ba za ta iya riƙe ko ɗan maraƙi ba, ranar da karsanarka ta bi ta har cikin rumbu, to ka shirya goron ban haƙuri. Kuma kada ka ce mini jinin Fulani ne ta wajen kakarta, mun gama wannan shari'a tun a gaban marigayi.

Akwai wani bidiyo da ta turo da nake so ka gani, in rezo ya bari zan tura maka ta WhatsApp. Giwa ce babba tana bayan shingen ƙarfe, mai kula da ita yana waje. Ya ɗaga wata ƴar sanda mai ƙwallo a kai, sai ta miƙo ƙafar gaba ta wata taga a jikin shingen, ta aza ta kan ƙarfe, ta tsaya cik. Ya sa magagari yana goge mata farce ɗaya bayan ɗaya, ya wanke tafin ƙafar, ya bi tsagar da ɗan yatsa ko akwai tsakuwa ko ruɓa. Wani na gefe yana jefa mata ƴan gutsattsarin karas. Da aka gama sai ta juya ta kawo kunne ta wata tagar, ɗiyarka ta lalubi jijiya a bayan kunnen ta soka allura. Giwar ko gezau. Babu duka, babu sarƙa, kuma in ta ga dama ta yi tafiyarta ba mai hana ta. A da da ƙugiya ake shiga cikinsu ana tilasta musu, an yi ta rasa rayukan ma'aikata, dabbobin ma suna wahala. Wannan sabuwar hanya a San Diyego ta Amurka aka fara ta wajen 1991, yanzu ta bazu. Gyaran ƙafar nan kuwa ba ado ba ne. Dabba mai nauyin tan 3 ko 4 in ta shekara tana tsaye kan siminti cikin fitsarinta, ƙafa ke fara lalacewa, ciwon ya shiga ƙashi, daga nan sai a rasa yadda za a yi da ita. Yanzu yashi mai zurfi suke zuba musu. Na ce mata ta gaya musu in yashi suke nema su turo motoci Tanut, kyauta za mu ba su.

Mun kalli bidiyon nan a fada har shayi ya ƙone. Mai kanti ya rantse haɗi ne na kwamfuta. Tela kuwa tambayarsa ɗaya, nawa take ci. Da na ce babbar giwa tana iya cin kilo 150 na ciyawa da ganye a yini, ta sha ruwa fiye da lita 100, sai ya ce to kada a kawo ta Damagaram, mu da muke bin ƴan garuwa da bido.

Kan ruwan ma, famfonmu sai tsakar dare yake zuwa, in ya zo. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗan gyaru. Ɗan wajen Liman ya dawo daga Jado da mota, an sa ranar aurensa bayan sallah da ɗiyar mai gyaran rediyo, wadda ka sani. Dogon naku har yanzu bai biya bashin ragon ba, kullum gobe. Kuma na ji kun cika gari da ihu kun ci kofin Afirka a 2024, har kai ma ka sa rigar Giwaye. Ƙasar da aka raɗa wa sunan haure, ka nemi giwa nawa suka rage muku a daji ka faɗa mini.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wahalar samun ɗan giwa ɗaya tun farko. Macen ba ta karɓar namiji sai kusan bayan wata huɗu-huɗu, wato sau uku a shekara, kuma na ƴan kwanaki. In ta ɗauka, cikin wata 22 ne, ta haifi ɗa mai kilo 100 ko fiye, sannan sai shekara 4 ko 5 kafin wani. In aka bar ta ta manyanta ba ta taɓa haihuwa ba, ƙari ya kan fito mata a mahaifa, ta zama juya. Haka gidajen zu da yawa suka yi asarar matansu a da, don suna gudun ajiye toro. Kuma ba laifinsu kaɗai ba ne, toron giwa yana da lokacin da yake tashi, kamar amale a cikin hunturu: wani ruwa mai maiƙo na zuba daga gefen kansa, fitsari na ɗiga, ba ya sanin mai ba shi abinci. Sai gini mai ƙarfi na musamman. Shi ya sa da aka haifi wani mai suna Packy a Fotlan ta Amurka a 1962 aka yi ta shagali, don an yi shekara 44 ba a ga haihuwar giwa a nahiyar Amurka ba.

Ka tuna ɗurin maniyyi da muka je gani a Tukunus kan shanun Azawak? Su ma suna yi wa giwa. An fara dacewa a 1999 a jihar Misuri. Dabarar da ta taimake su ita ce wani sinadari da ke tashi a jinin macen sau biyu, tsakani kusan mako uku, kuma a tashi na biyu ƙwan ke fita. In suka ga na farko sai su fara ƙirga kwana, su shirya. Amma ɗiyarka ta ce a Turai sun fi son barbara ta asali. Akwai littafin asalin kowace giwar Asiya da ke gidajen zu na Turai, a Rotadam ta Holan ake riƙe da shi, daga can ake tsara wane toro zai koma ina, don kada uba ya hau ɗiyarsa. Mata ba a raba su, uwa da ɗiya da jika suna wuri ɗaya, saboda budurwar da ba ta taɓa ganin haihuwa ba takan firgita ta tattake ɗanta ko ta ƙi shayar da shi. Mazan kuma da ke ta ƙaruwa ana tara su garken gwauraye, irin wanda ke Haidelbag a Jamus. Wannan kai ne ya kamata a naɗa wa sarautarsa, tun da ka fi kowa daɗewa a wannan hali kafin ka yi aure.

To ga inda nake buƙatarka. Sun yi mata tayin ta zauna ta yi digirin dokta a kan wannan cuta. Ana cikin gwajin rigakafi, na Cesta suna yi, a Hustan ta Amurka ma an yi wa wata giwa mai shekara 40 allurar farko a 2024. Tana so. Uwarta ta ce atafau, aure ya kamata a yi magana, ba giwar wasu ba.

Ni zuciyata ta rabu, amma ba kan auren ba, wannan lokacinsa na wurin Allah. Abin da ke ci mini rai shi ne ko ajiye giwa a gidan zu daidai ne. Ita da kanta ta karanta mini wani bincike na 2008 da ya duba giwayen Asiya mata da aka haifa a gidajen zu na Turai: rabinsu ba su wuce shekara 19 ba, alhali waɗanda ke jan gungume a dazukan Bama rabinsu suna kai shekara 41 har su ɗara. Ta ce lissafin na tsohon zamani ne, daga 1960 zuwa 2005, abubuwa sun sauya. Na yarda sun sauya, na gani a bidiyo. Duk da haka dabbar da Allah ya yi don ta yi ta tafiya cikin daji, fili komai girmansa a tsakiyar birni ƙarami ne gare ta. Na faɗa mata wannan ban ɓoye ba. Kuma na ce mata kada ta bari hotunan jarirai su ruɗe ta, gidan da ya haifi goma ya binne bakwai bai yi kiwo ba. Wanda ya ɗauko giwa ya kulle ya ɗauki amana, sai ya ba ta danginta da yashinta da likitan da zai kwana a kanta, in ba zai iya ba ya bari.

Amsar da ta ba ni ce ta sa na karkata. Ta ce Baba, giwayen Asiya da suka rage a daji ba su fi dubu 50 ba, kuma cutar nan tana kashe ƴaƴansu a Indiya da Tailan, inda ba mai ɗibar jininsu duk mako. Sai a gidan zu ake samun giwar da za ta miƙo kunne a gwada magani a kanta. Kuma giwar Afirka ma ba ta tsira ba, a 2019 an rasa biyu a Indiyanafolis da wani nau'in ƙwayar. Ta ce abin da ta koya zai yi amfani a W, zai yi wa raƙuman dawan Kure da waɗanda aka kai Gadabeji. Ta yi mini alkawari za ta dawo, kuma yarinyar nan ba ta taɓa saɓa mini magana ba.

Don haka na ba ta goyon baya, saura uwarta. Ka san tana jin maganarka fiye da tawa tun ranar da ka sasanta rikicin gadon gidansu. Ka kira ta ranar Lahadi bayan la'asar, lokacin tana gida. Kada ka fara da giwa, ka fara da gaisuwa da labarin amaryarka, sai ta saki jiki. Kuma kada ka ce ni na sa ka.

In mai motar goron nan zai taso, ka ba shi man shafawar ƙafa irin na bara, na Hajiya ya ƙare. Ka gaida uwargida da amarya da yara duka, ka ce wa babban ya daina aiko mini da saƙon murya mai tsawon huɗuba. Mutanen fada suna gaishe ka, ban da mai kanti, ya ce sai ka biya jika biyun sikarinsa.

Wassalam,
Ubangidanka na Birni